Kofi Ko Lig: Gardamar Fagge Da Sabon Gari

Duk wanda ya saba ratsa Fagge da almuru, lokacin da teloli suka rufe kekunansu, 'yan Kantin Kwari suka kulle shaguna, da wuya ya wuce teburin mai shayi bai ji ana wata gardama ba. In ya ƙetara Sabon Gari, ya bi ta bakin kasuwa ko ta ƙofar gidajen kallon ƙwallo, ita ɗin dai zai tarar, sai dai can a kan gauraya ta da Turanci da Yarabanci da harshen Ibo. Gardamar kuwa ita ce, wai ƙungiyar ƙwallo ta gari, watau Kano Pillars, wanne ya kamata ta sa a gaba, cin kofi ko kuwa kyautata matsayinta a gasar lig? Masu son kofi sun fi yawa, sun kuma fi ƙarfin murya. Amma yawa da murya ba su zama hujja, kuma a wannan magana gaskiya ba ta wajensu.

Kafin a yi nisa ya kamata mai karatu ya san bambancin abubuwan nan biyu, don da yawa daga masu gardamar ba su taɓa tsayawa sun auna ba. Gasar lig ta Nijeriya an fara ta a 1972. Idan ƙungiyoyi 20 ne a ciki, kowace za ta kara da sauran 19 sau biyu, sau ɗaya a gidanta, sau ɗaya a gidansu, wasa 38 ke nan. Wadda ta ci wasa ta sami maki 3, in aka tashi kunnen doki kowace ta sami 1, wadda aka cinye ta tashi a tutar babu. Ƙarshen shekara a tara maki, a jera ƙungiyoyi a teburi daga sama har ƙasa. Ta farko ita ce zakara, huɗun ƙarshe kuwa a kora su rukuni na ƙasa, wanda 'yan kallo ke kira rukunin gajiyayyu. Shi kuwa kofi sili ɗaya ƙwale ne. Yau aka ci ka, yau ka koma gida, sai baɗi. Daga sa'ad da aka tace ƙungiyoyin jihohi suka zama 64, wasa 6 kaɗai ke tsakanin ƙungiya da kofi.

To, masu son kofi suna da abin faɗa, kuma ba daidai ba ne a danne musu shi. Sukan ce kofin ƙalubale ya girmi lig nesa ba kusa ba, gaskiya ne kuwa, don tun 1945 aka fara shi da sunan Kofin Gwamna, a Ikko, kuma shekara da shekaru 'yan Ikko ke cinye abinsu. A 1953 'yan wasan Kano suka je suka doke Lagos Dynamos da ci 2 da 1, suka fitar da kofin daga Ikko karo na farko. Wannan abin alfahari ne da ba mai ƙwace wa Kano shi. Sukan kuma ce kofi abu ne da a ke gani da ido, a ɗaga shi sama, a zaga gari da shi a buɗaɗɗiyar mota, yaro ya taɓa, tsoho ya sa albarka. Na uku ko na biyar a teburi kuwa wa ya taɓa yi masa kiɗa? Wannan ma haka ya ke. Sai dai tuwon Salla ma da daɗi, amma ba a taɓa jin magidancin da ya sayar da hatsin rumbunsa kaf don ya yi shi ba, in dai da hankalinsa.

Abin mamaki shi ne, ba mutanen da kofi ya taɓa gasa wa aya a hannu kamar Kanawa, amma ga shi har sun manta. A watan Oktoba 2018, gari duka ya tsaya cik saboda shi. Ran nan Pillars ta kara da Enugu Rangers a wasan ƙarshe na kofi a Asaba. Rabi'u Ali ya fara jefa ƙwallo a raga tun wasa bai yi zafi ba, aka ƙara ta biyu, aka ƙara ta uku. Ci 3 da nema! Saura abin da bai kai rubu'in sa'a ba a tashi, Rangers ta rama ɗaya, ta rama ta biyu, ana dab da busa usur ta cike ta uku. Aka tafi bugun fenariti, Rangers ta ɗauke kofin da rabonta da shi tun 1983. Daren nan magoya bayan Rangers da ke zaune Sabon Gari suka kwana murna, maƙwabtansu na Fagge kuwa ko tuwo bai ratsa maƙogwaronsu ba. Yanzu fa a tambayi mai son kofi: 'yan wasan da suka ci 3 a farkon wasa da waɗanda aka rama wa 3 a ƙarshensa, ba su ɗin ne ba? Rubu'in sa'a ne ya mai da gwani rago? Da a lig abin ya faru, da maki 2 ƙungiya ta yi asara, mako mai zuwa ta nemi fansa. Da ya ke a kofi ne, wahalar shekara guda ta bi ruwa.

Za su ce ai an rama baɗi. I, an rama. Ran 28 ga Yuli 2019, a filin Ahmadu Bello na Kaduna, Pillars ta ɗauki kofin. Amma a dubi yadda aka ɗauke shi. An yi wasa har aka tashi ba wanda ya ga ragar wani, sa'an nan aka yi bugun fenariti, Pillars ta ci 4, abokiyar karawarta ta ci 3. Bugu ɗaya tak ya raba. Abokiyar karawar kuwa ita ce Niger Tornadoes ta Minna, wadda a wannan shekara ɗin ta faɗa rukunin gajiyayyu, alhali Pillars ta gama lig tana ta biyu, bayan Enyimba ta Aba. Watau ƙungiyar da teburi ya nuna tana cikin na baya duka, saura ƙiris ta zama zakarar kofi a kan wadda ke kusa da ƙololuwa. Mudun da ke auna tsaba da ƙaiƙayi ya ce nauyinsu ɗaya, wane ɗan kasuwa ne zai yarda a yi masa awo da shi? Ba sau ɗaya aka ga irin wannan ba. Bayelsa United ta ci kofin a 2021 tana rukuni na ƙasa, El-Kanemi Warriors ta Maiduguri ma haka a 2024.

Masu kwana a gidajen kallo suna bin wasannin Ingila sun fi kowa sanin labarin Wigan. A watan Mayu 2013 ta doke Manchester City da ci 1 da nema, ta ɗauki kofin ƙalubale na Ingila, duniya ta yi ta mamaki. Kwana 3 tsakani Arsenal ta lallasa ta da ci 4 da 1, ta faɗo daga babban rukuni. Shekara 10 ta shuɗe ba ta komo ba. Kofin yana nan a tarihinta, amma manyan 'yan wasanta sun watse, kuɗin da a ke samu a babban rukuni ya yanke. Gani ga wane, in ji masu magana, ya ishi wane tsoron Allah.

A duba kuma inda sunan Kano ya fito a ƙwallo. Raccah Rovers ta ci lig a 1978. Ita Pillars, da aka kafa a 1990, ta ci a 2008, sa'an nan ta jera sau uku, 2012 da 2013 da 2014. Ta yi wajen shekara 12 ba a cinye ta a gida ba a lig, sai a 2015 Nasarawa United ta karya wannan lago. Kirarin nan na Sai Masu Gida da a ke yi, a nan ya sami gindin zama, Lahadi bayan Lahadi, ba a wasan ƙarshe na rana ɗaya ba. Ahmed Musa ma a lig ya jefa ƙwallo 18 a shekara guda, har Turai ta san da shi a 2010. In mai son kofi ya ƙure, ya kan kawo zancen Al Ahly ta Masar, yadda Pillars ta je har Alƙahira a 2009 ta yi 2 da 2 da ita, ta fitar da ita daga gasar zakarun Afirka tana riƙe da kambun, ta kai har wasan kusa da na ƙarshe, inda Heartland ta Owerri ta tare ta. Ya ce ai wannan ma sili ɗaya ƙwale ne. To, madalla. Amma ta wace ƙofa aka shiga gasar? Lig ɗin 2008 ne ya ba da izinin tafiya. Ta ɗaya da ta biyu a teburi su a ke aikawa babbar gasar Afirka. Mai kofi ƙaramar gasa a ke tura shi, tare da ta uku. Ashe ko ta uku a teburi, wadda a ke cewa ba a yi mata kiɗa, ladanta ɗaya da na mai kofi.

Akwai wani abu kuma da mutumin Fagge ya kamata ya riga kowa ganewa, tun da ya ke shi ɗan kasuwa ne. Wasannin kofi na ƙasa galibi a wani gari a ke yinsu, inda ba gidan kowa ba. Lig kuwa wasa 19 ya ke kawowa filin Sani Abacha da ke Ƙofar Mata kowace shekara. Ranar wasa mai a-daidaita-sahu ya yi lodi, mai gyaɗa da mai rake da mai ruwan sanyi su sayar, telan da ya ɗinka riguna masu launin ƙungiya ya ga kuɗinsa, masauki a Sabon Gari ya sami baƙi. Kofin 2019 Kaduna ta ci kasuwarsa, na 2018 Asaba.

Wani zai ce, me zai hana a haɗa biyun? Ba mai ƙin haka. In ƙungiya tana da 'yan wasa wadatattu, tana zaune lafiya a teburi, ta nemi kofi da ƙarfinta, halal ne. Gardamar ba ta tashi sai ran da abu ya matse: ga wasan kofi ran Laraba, ga na lig ran Lahadi a Fatakwal ko Uyo, tafiyar kwana guda cur a mota, 'yan wasa uku suna ɗingishi. Ran nan dole mai horarwa ya zaɓi inda zai sa gwanayensa. In ya adana su saboda Lahadi, aka fitar da shi daga kofi, sai a tashi a Fagge ana zaginsa, ana cewa a kore shi. In ya ƙone su ran Laraba, ya zubar da maki 3 ran Lahadi, ba mai cewa uffan, don maki ba ya ƙara sa'ad da ya ke zuba. Sai ƙarshen shekara a zo ana lissafi da yatsu, ana neman maki ɗaya kamar ruwa a jallo.

Mafi munin abin da son kofi ke haifarwa ma a zukatan 'yan kallo ya ke. Wanda ya saba da sili ɗaya ƙwale ya kan ɗauki kowane wasa a kan a mutu ko a yi rai. Ba ya iya haƙurin kunnen doki, bai san cewa maki 1 ma dukiya ne ba. Mai bin lig ya san shekara doguwa ce, yau a samu, gobe a rasa. In baƙi suka riƙe masu gida, ya yi tsaki ya tafi gida, ya jira mako mai zuwa. Rashin wannan haƙuri Kano ta ɗanɗana a 2022. Pillars ta daɗe tana karɓar baƙinta a Kaduna, aka yi ta roƙo har aka dawo da ita gida a watan Afrilu. Wasan da ta yi da Katsina United bai ƙare lafiya ba, don wasu 'yan kallo sun ga lokaci na tafiya ba a ci ba, suka ta da hargitsi, aka farfasa motar baƙi. Hukumar lig ta ci ƙungiya tara, ta cire mata maki, ta kore ta daga Kano zuwa Abuja. Makin da 'yan wasa suka samo da gumi, waɗanda ko ƙwallo ba su taɓa ba suka zubar da shi, suna kuwa cewa ƙauna ce. Ƙarshen shekara Pillars ta gama cikin huɗun ƙarshe, ita da Katsina United da Heartland da MFM ta Ikko. Shekara 3 kacal ke nan bayan an zaga gari da kofin Kaduna, kofin kuwa yana ajiye, bai ƙara mata ko maki ɗaya ba.

Shekarar da ta biyo baya Enyimba ba ta zo Kano ba, Rangers ba ta zo ba, Shooting Stars ta Badun ba ta zo ba. Masu gida sau huɗu zakarun ƙasa suka koma karawa da ƙananan ƙungiyoyi a rukuni na ƙasa. A teburan shayi na Fagge an bar zancen kofi a wannan shekara, ba wanda ya ko ambace shi. Kowa tambayarsa ɗaya, maki nawa ya rage a fita. A tsakiyar 2023 aka tara ƙungiyoyi 8 na rukunin don a zaɓi 4 da za su hau sama. Wurin taron kuwa Asaba, garin da aka yi ci 3 aka rama. A can Pillars ta sami hawa, tare da Katsina United da Heartland da Sporting Lagos, ba kofi a hannunta, aka kuwa yi murna a Fagge da Sabon Gari har dare ya raba.