Zauren 'Yan Mata: Wai Ina Ne Riruwai?



Ranar wata Asabar ina zaune a gidana da ke Gyaɗi-Gyaɗi ina tsince shinkafa, sai ga ɗiyar yayata ta shigo daga Tarauni, ko sallamar kirki babu, idanun nan sun yi jawur. Na ce, "Ke lafiya? Wa ya mutu?" Ta ce, "Anti, wallahi na fasa." Na ce, "Kin fasa me?" Ta ce, "Auren mana. Ƙawayena sai dariya suke mini, wai zan auri ɗan Riruwai, garin da ko a taswira babu shi."

Yaron nan na san shi, malamin makaranta ne mai ladabi da addini, shekara biyu yana zuwa zance, ba a taɓa jin wani abin ashsha daga gare shi ba. Na ce ta share hawayenta ta zauna, yau zan gaya mata inda garin yake.

Titin Zariya ɗin nan da ya ratsa ta Gyaɗi-Gyaɗi shi ne dai hanyar. Ki wuce Na'ibawa, ki wuce Kura, idan kin isa Kwanar Ɗangora sai ki saki hanyar Zariya ki kama ta Jos. Daga nan sai Tudun Wada, sai ki faɗa dajin Falgore, wanda yake wajen kilomita 150 daga birni. Bayan kin fita daga dajin ne za ki ratse ki nufi cikin duwatsu. Can ne Riruwai, hedikwatar ƙaramar hukumar Doguwa, a ƙarshen kudancin jihar Kano, kusa da iyakar Kaduna da Bauchi.

Ta ce, "To Anti, me ya kai mutane tsakiyar duwatsu?" Na ce kuza ce. Tun kafin zuwan Turawa mutanen wurin suke wanke ta daga yashin rafi, su narka ta, su zuba ta sirara-sirara kamar tsinke, fatake su ɗauka su kai kasuwanni. A tsofaffin rubuce-rubuce Liruwen Kano ake kiran garin, domin a bambanta shi da Liruwen Dalma na ƙasar Bauchi, inda wasu daga cikin masu narka kuzar suka koma da zama. Yankin kuma tun da can akwai Kurama a cikinsa tare da Hausawa da Fulani.

Da Turawa suka zo sai kamfanoninsu suka mamaye harkar kuza. A lokacin yaƙin duniya na biyu, daga 1942 zuwa 1944, har tilasta wa talakawan Arewa aka yi zuwa haƙar kuza, abin da tsofaffi suke kira ɗiban gwamna. A shekarun 1970 an haƙa babban rami a ƙarƙashin duwatsun Riruwai don fito da ma'adinai, to amma aikin bai ɗore ba, ga shi kuma a 1985 farashin kuza ya faɗi warwas a kasuwar duniya. Kin ga ke nan garin da ake yi wa dariya, arzikinsa ya je har Ingila tun kakannin ƙawayen naki ba su san mota ba.

To amma fa 'yan uwa, ban rufe ta da daɗin baki ba. Na gaya mata gaskiya garin da nisa, ba wurin da za ta yi yaji da safe ta iso gida kafin azahar ba ne. Dajin Falgore kuma ya yi fama da ɓarayin shanu, musamman wajen 2015. Saboda haka hakkinta ne ta tambaye shi, a Kano za su zauna ko can zai kai ta? Karatunta fa, za ta ci gaba? In haihuwa ta zo, ina asibiti? Waɗannan su ne tambayoyin mai hankali. Binciken asali kuwa aikin iyaye ne, su je su ga gidan, su ji halin dangin, ba aikin ƙawaye ba ne da baki ya fi su sani.

Kuma mu da muke taƙamar 'yan birni, kowacce ta je ta tambayi kakarta daga ina aka taso. Da yawanmu a Gyaɗi-Gyaɗi da Tarauni aiki ko kasuwanci ne ya kawo iyayenmu, asalinmu yana can wani ƙauye da muke jin kunyar faɗa a makaranta.

Yanzu dai mahaifinta ya tura ƙannensa biyu Riruwai, muna jiran dawowarsu. Ita kuma ta daina kuka, har ta ce in an tashi kai lefe a ɗauko mata hoton duwatsun. Ku taya mu da addu'a Allah Ya zaɓa mafi alheri.

Ke fa 'yar uwa, ina ne asalinku? Rubuto ki ba mu labarin garinku. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba in Allah Ya kai mu.

Taku har kullum,
Antinku ta Gyaɗi-Gyaɗi