Kafin Mu Ce Wa Wani Arne



Akwai kalmar da ta yi mana sauƙi a baki, wato "arne". Ɗan bautar ƙasa ya baro garinsu ya zo koya mana lissafi, yana juyawa wajen allo sai mu jefa masa ita ƙasa-ƙasa, mu yi ta dariya. Shin mun taɓa tambayar kanmu abin da yake ba mutum daraja?

Kiristoci sun ce Allah Ya halicci mutum cikin kamanninSa, don haka ran sarki da na talaka tsadarsu ɗaya. Waɗanda ba su yarda akwai Allah ba kuwa, cewa suke darajar mutum tana cikin hankalinsa da yadda yake jin zafi da daɗi. A ganinmu hujjar masu imani ta fi ƙarfi, domin abin da Mahalicci Ya bayar babu mai ƙwacewa, amma abin da mutane suka yarda da shi yau suna iya warware shi gobe. Duk da haka, ko su ɗin ba su ce a wulaƙanta kowa ba.

Mu kanmu mun karanta a Islamiyya, aya ta 70 a Suratul Isra'i, cewa 'ya'yan Adam ne aka karrama, ba a ware wata ƙabila ba. Sashe na 34 na tsarin mulkin 1999 ma ya kare mutuncin kowane mutum.

Mu dubi Liman Abubakar Abdullahi na Nghar Yelwa, ƙaramar hukumar Barikin Ladi a jihar Filato. Ranar 23 ga Yuni, 2018, mahara suka koro mutane, yawancinsu Kiristoci. Dattijon nan ya ɓoye sama da 200 a masallacinsa da gidansa, ya tsaya gaban masu bindiga ya ƙi ba da ko ɗaya. Bai tambayi addinin kowa ba kafin ya buɗe ƙofa, kuma hakan bai rage masa imani ba.

Mu a Yalwan Damai ba wanda ya ce mu tari bindiga. Bakinmu kawai ake so mu kama, mu gaida malaminmu da ladabi, mu kira shi da sunansa. Wata rana mu ma za a tura mu bautar ƙasa Inugu ko Kalaba. Da wane suna muke so a kira mu a can?

Allah Ya sa mu gyara, amin.