Yatsu Goma Allah Ya Ba Mu, Ɗaya Muke Mora

Akwai wani ɗan gari a ƙasar Jamus, Schwarzenbach sunansa, wanda yawan mutanensa bai kama ƙafar na Birnin Kudu ba. A nan ne wani kamfani mai suna Blackriver yake shirya gasar da ake kira Fast Fingers, inda ƙarti, wasu har da gemunsu, suke tahowa daga ƙasashe daban-daban su kewaye tebur suna fafatawa a kan wani ɗan katako da tsawonsa bai wuce santimita 10 ba. Fingabod suke ce masa. Ni dai allon yatsa zan kira shi a nan. Kwaikwayo ne na allon nan mai taya da matasan Turai da Amurka suke hawa suna sulu a titi, sai dai shi wannan yatsu biyu ne suke tsayawa a madadin ƙafafuwa: manuni da na tsakiya. Yana da tayoyi huɗu, masu tsadar ma har da boris a ciki, an liƙa masa soso a sama don kada yatsa ya zame.

Abin ba yau ya fara ba. Tun a 1985 wani gwanin hawa allo ɗan Amurka, Lance Mountain, ya fito a wani bidiyo yana wasa da wanda ya haɗa da hannunsa a cikin kwamin wanke-wanke. Wajen ƙarshen shekarun 1990 aka fara sayar da na roba mai suna Tech Deck, ya cika makarantu. Yau kuwa ga masu ƙera shi, ga masu sayarwa, ga gwanayen da kamfanoni ke ɗaukar nauyinsu. Shi kansa babban allon na ƙafa ya shiga gasar Olamfik a Tokyo a 2021.

Na san abin da wani zai ce daga can ƙarshen hostal: "Malam, wannan ai ƙoshi ne. Mu da muke lissafin garin kwaki, ina ruwanmu da wasan 'ya'yan Turawa?" To ɗan dakata. Duk wanda ya tashi a Gwaram ko Birnin Kudu ko ƙauyukan da ke tsakani, ya tuna ƙwallon murfi. Mu share ƙasa a gindin darbejiya, mu zana fili da tsinke, mu yanka kwalin sukari mu yi raga, kowa ya zazzage muratan lemonsa daga aljihu ya jera 'yan wasa goma sha ɗaya. Akwai yaron da in ya ɗalli murfi daga tsakiyar fili, sai ka ga ƙwallo ta lanƙwasa ta wuce gola kamar an aike ta. 'Yan mata kuma ga 'yar carafke: a cilla tsakuwa sama, a kwashe na ƙasa, a cafe ta kafin ta sauka, ana ƙara yawan na kwashewa har sai hannu ya gaza. Ga masu motar kara da suke fere ɓargon dawa su yi taya, su soke da tsinke. Wallahi ban ga abin da allon yatsa ya fi waɗannan da shi ba, in ban da cewa su can sun ɗauki nasu da daraja, sun yi masa dokoki da alƙalai da kofi, mu kuwa muna shiga aji ɗaya na sakandare muka ce yarinta ce muka watsar. Halinmu ne dama. Zanen shanun da ke Dutsen Mesa da Dutsen Habude, da duwatsun nan masu amo in an buga, kakanninmu sun san da su tun fil azal, amma sai da Bature Bernard Fagg ya yi rubutu a kansu a shekarun 1950 sannan suka zama abin da ake zuwa kallo.

Abin da ya sa na ɗauko zancen shi ne yadda gwanayen allon yatsa suke koyo. Na bibiyi bidiyoyinsu da dama, kuma ina ganin sun riƙe wani abu da mu ɗaliban poli muka saki.

Mataki na farko a wasan sunansa oli, wato ka sa allo ya yi tsalle ba tare da ka kama shi ba. Yatsan tsakiya yana kan wutsiyar allo, manuni yana wajen tsakiya. Ka danna wutsiya ta daki tebur, hancin allo ya ɗaga, sai ka tura hannu gaba ka daidaita shi a iska, ku sauka tare. A faɗe kamar wasa. A aikace kuwa sabon shiga yakan yi kwanaki allo yana tashi ya faɗa ƙarƙashin gado. Abin da masu koyarwarsu suke cewa shi ne kada ka fara a kan tebur. Ka fara a gefen cinyarka ko hannun kujera, inda gangaren zai riƙe maka allo a jikin yatsu, ka yi a hankali har hannu ya gane motsin, sannan ka riƙa matsowa shimfiɗaɗɗen wuri kaɗan-kaɗan. In ka samu oli, sai ka ajiye biro ka tsallake. Gobe biro biyu. Jibi littafi. Ba a yarda ka taɓa kikfilif, wanda allo ke juyawa a iska, sai oli ta zauna har kana iya yin ta kana hira. Da yawansu kuma sukan jingina waya su ɗauki hannunsu, su mayar da bidiyon a hankali su ga daidai inda yatsa ya makara. Ka ga ba maimaici kawai ba ne irin na jaki da ya san hanyar gida. Mutum yana ware abu ɗaya da ya gagare shi, ya sauƙaƙa shi, ya duba kuskurensa da idonsa, ya gyara, ya ƙara nauyi.

In ka lura, haka 'yar carafke take tun asali. Ba a fara wa yarinya da kwasar biyar. Ɗaya-ɗaya ake farawa, kuma in kin faɗi kin ba da hannu, ki zauna ki kalli yadda gwanar take yi. Babu wanda ya rubuta wannan manhaja, amma ta fi ta wasu kwasa-kwasan tsari.

Masu bincike ma sun auna abin. A 1978 Alan Baddeley da abokin aikinsa Longman sun fitar da sakamakon wani gwaji da aka yi da ma'aikatan gidan waya a Ingila, waɗanda ake koya wa buga keken rubutu. An raba su rukuni-rukuni, wasu awa 1 a rana, wasu har awa 4. Masu awa ɗaya suka iya aikin cikin jimillar awoyi mafi ƙaranci, masu awa huɗu suka zo a baya. Abin dariyar shi ne masu awa ɗayan su ne suka fi ƙorafi da tsarin, don gani suke ana ja musu rai. Sai kuma a 2002, Matthew Walker da abokansa a jami'ar Harvard suka sa mutane su riƙa danna jerin lambobi biyar da hannun da ba su saba da shi ba. Waɗanda aka sake gwadawa bayan sun wuni ido biyu ba su ƙaru da wani abin kirki ba. Waɗanda suka yi barcin dare suka dawo, saurinsu ya ƙaru da kusan kashi 20 cikin 100, alhali ba su ƙara ko minti ɗaya na atisaye ba. 'Yan karatun kwana, ku da ake gani a aji ƙarfe uku na dare ana gobe firaktikal, da ku nake. Ƙila haddar takarda ta shiga a daren. Hannu dai ba ya koyo haka.

Yanzu mu dawo gida. An kafa hukumar NBTE a 1977 don kula da karatun fasaha, kuma abin da ya raba mu da 'yan jami'a, a takarda dai, shi ne mu masu aikin hannu ne. Kullum muna kukan bambancin da ake nunawa tsakanin HND da digiri, kuma kukan yana kan hanya. Amma mu faɗa wa juna gaskiya: mu nawa ne a ajin ƙarshe za su iya buga shafi guda a kwamfuta ba tare da kallon maɓallai ba? Tun 2015 JAMB ta koma kwamfuta gaba ɗaya, kusan dukkanmu ta nan muka bi, amma har yau ana kai furojet shagon buga takardu a biya kuɗin shafi-shafi, a dawo da shi cike da kurakuran da mai shagon ya ƙara. Mu nawa ne a sashen lantarki za su ɗiga dalma a kan ƙafar ɗan ƙaramin abu ba ta malale ta haɗe da ta kusa ba? Ka je Farm Centre a Kano ka tsaya kan yaron da bai gama sakandare ba, ka ga yadda yake cire abin da bai kai ƙwayar gero ba daga cikin waya, hannunsa ko rawa ba ya yi. Ka dubi matan da suke ɗinkin hula a cikin gidajen garuruwanmu, allura tana shiga tana fita a layi kamar an sa ma'auni. Idan muka je SIWES, irin waɗannan ne suke karɓar sukundireba daga hannunmu cikin ladabi su ce, "Kawo in taya ka, injiniya." Wannan "injiniya" ɗin ya fi mari ciwo.

Ba mu kaɗai ba ne, in hakan zai sanyaya wa wani rai. A 2018 Farfesa Roger Kneebone, mai koyar da aikin tiyata a Imperial College da ke Landan, ya koka cewa ɗalibai suna zuwa da sakamako mai kyau amma hannunsu bai iya yanka da ɗinki ba, saboda sun tashi suna shafa gilashin waya maimakon ƙera abubuwa. Mu ma abin da ya same mu ke nan. Daga asuba zuwa dare babban yatsa ne kaɗai yake aiki, yana tura TikTok sama, sauran taran suna riƙe da waya kamar 'yan rakiya.

Wani ɓangare na laifin ba namu ba ne, wannan kowa ya sani. In mutum arba'in suka kewaye inji ɗaya, biyu ne za su taɓa, sauran su rubuta rahoto. Wannan faɗa ne da ya kamata ƙungiya ta ci gaba da yi. Amma ko gobe aka sauke tirelar kayan aiki, awa uku a mako ba za ta gina hannu ba. Abin da ke gina shi minti ashirin ne kullum, kuma wannan ba ya buƙatar sa hannun rajistara.

Kada kuma a ce na ce wanda ya iya oli ya iya walda. A'a. Kowace sana'a da nata motsin, kuma gwanin ƙwallon murfi sai ya zauna ya koyi kibod daga farko kamar kowa. Abin da wasa yake bayarwa shi ne sabo da hanyar: ka faɗi sau ɗari ba ka ji kunya ba, ka san yadda ake gutsura abu mai wuya, ka ɗanɗani daɗin ranar da hannu ya yi da kansa abin da jiya ya ƙi. A aji tsoron maki da dariyar abokai suna hana mu wannan. A gindin darbejiya babu mai ba ka kariyoba. Wanda ya taɓa bin wannan hanya a wasa, in ya zo kan dalma ko allura ko kibod, ya san cewa rawar hannun makon farko ba alamar rashin baiwa ba ce.

Masu cewa ɓata lokaci ne, ina girmama su, musamman in tsoronsu shi ne kada abin ya koma caca ko ya ci lokacin salla. Wannan sai a tsare, kuma ba wuya. Amma lokacin da ake tsoron ɓatawa ai tuni ya tafi. Kowa ya buɗe wayarsa ya duba awa nawa ta ce ya yi a kanta jiya, sannan mu yi maganar minti ashirin.

Ba kuma cewa nake a yi odar allo daga Jamus ba, da wannan canjin dalar. Wannan ma shi ne inda abin ya fi dacewa da mu. Allon kirki siraran ɓawon katako ne, galibi guda biyar, ake shafa musu gam a matse a cikin wani ɗan mazubi har su ɗauki lanƙwasa, sannan a yanke, a goge, a huda. Wane ne a cikin masu shiga wakshop zai ce wannan ya fi ƙarfinsa? Ragowar katakon da kafintoci suke zubarwa ya isa a gwada. Tayoyi da ƙarfen da ke riƙe su aikin 'yan makanikal ne, kuma duk wanda ya iya fitar da taya huɗu masu girma ɗaya a wannan ƙanƙanta, ya koyi awo fiye da yadda allon aji zai koya masa.

Don haka ga roƙona ga shugabannin ƙungiya, musamman mai kula da wasanni da mai kula da walwala. A makon ɗalibai mai zuwa, cikin kuɗin da ake kashewa a kan hayar lasifika da rumfa, a ware tebur huɗu. Ɗaya na ƙwallon murfi, sashe da sashe. Ɗaya na 'yar carafke, kuma ina da yaƙinin 'yan matan Gwaram kaɗai sun isa su cika shi. Ɗaya na allon yatsa, da sharaɗin kowa da hannunsa ya ƙera nasa. Na huɗu na saurin buga kibod da ɗiga dalma, a sa malami ɗaya ya riƙe agogo. A sanar da wata biyu kafin ranar, don a samu lokacin atisaye, a kuma liƙa sunayen waɗanda suka yi rajista a allon sanarwa don kada wani ya zame. Muratan lemo kuwa, na yi magana da mai shagon bakin get, ya ce buhu guda yana nan a ajiye, a zo a ɗauka kyauta.