Wuƙar Aljihu Mai Naɗewa: Abin da Uwa Za Ta Duba Kafin Ta Saya

Yau za mu ɗan fita daga zancen zazzaɓi da allurar rigakafi, mu taɓa wani ƙaramin abu da ke zaune a jakar hannun mata da yawa da aljihun mazajenmu: 'yar wuƙar nan mai naɗewa. Da ita ake feren rake a mota, a yanka wa yara lemo ko mangwaro a hanya, a tsinke igiyar buhu, a rage tsokar tsire ga yaron da haƙoransa ba su yi ƙwari ba. Amfaninta ba ya ƙirguwa. Sai dai a wurin aiki ina yawan ganin ɓarnarta: yatsa a tsage, jini ya jiƙe gefen zane, uwa tana salati. Idan aka bi diddigi, sau da yawa matsalar tun daga wurin saye ta faro, domin an zaɓi wadda ta fi ƙyalli ko ta fi araha ba tare da an gwada ta ba.

Hausawa sun ce araha ba ta ado, amma a sha'anin wuƙa akwai masu sauƙin kuɗi da suka daɗe suna aiki a hannun talakawa, kuma har yau ana ƙera su. Bari mu duba uku.

Ta farko ita ce Okapi, wadda da yawanmu mun taso muna gani a hannun kakanni da mahauta da masu rake. An fara ƙera ta a Jamus a 1902 domin kasuwannin Afirka, sannan a 1988 aikin ƙera ta ya koma Afirka ta Kudu. Ƙotarta ta itace ce, wasu da adon wata da taurari. Fitacciyar cikinsu tana da ɗan zobe a baya: idan an buɗe ta sai ta kulle kanta, ba za ta rufe ba sai an ja zoben. Tana da ƙwari, amma wasu daga cikinsu sun yi wa jakar mace tsawo.

Ta biyu Opinel ce, 'yar Faransa, wadda Joseph Opinel ya fara yi a 1890 a yankin Savoie. Ana sayar da ita da lamba gwargwadon girma. Lamba 6 tsawon ruwanta santimita 7 ne, lamba 8 kuma santimita 8.5. A 1955 aka ƙara mata zoben ƙarfe a wuya, wanda ake murzawa ya hana ta rufewa a kan yatsa, kuma sababbin suna kullewa ko a rufe suke. Wannan na biyun shi ne abin da ya fi burge ni a matsayina na uwa, domin ƙaramin yaro mai binciken jaka ba zai buɗe ta cikin sauƙi ba. Aibinta ɗaya: idan ƙotar ta sha ruwa takan kumbura, buɗewa ta yi wuya har sai ta bushe.

Ta uku Douk-Douk ce, ita ma daga Faransa, daga garin maƙeran wuƙa na Thiers, tun 1929. Ta yi suna sosai a Arewacin Afirka. Gaba ɗayanta ƙarfe ce, siririya, ba ta cin wuri a aljihu. Amma ba ta da makulli. Wani ƙarfe mai tauri ne a bayanta yake riƙe ruwan, kuma idan ta zo rufewa da ƙarfi take ƙarasawa. Ta dace da babba mai natsuwa, ba ta hannun yaro ba ce.

Duk sunan da ya yi fice sai an yi jabunsa, don haka kada rubutun da ke jikin wuƙa ya ishe ki. A gaban mai kaya za ki gwada ta, kuma gwajin ba ya cin minti biyu. Ki buɗe ta gaba ɗaya, ki riƙe ƙotar, ki ɗan motsa ruwan hagu da dama. Idan yana girgiɗi kamar haƙorin da zai fita, ajiye ta. Ki danna bayan ruwan a hankali da tafin hannu, yatsunki na nesa da hanyar kaifi. Idan makullin ya saki, ajiye ta. Ki rufe ta ki shafa gefenta: tsinin ya shige cikin ƙota gaba ɗaya, ko yana leƙowa? Tsinin da ke leƙowa shi ke soke yatsa idan an tura hannu jaka ana laluben mukulli. Sannan ki duba ƙusar da ta haɗa ruwa da ƙota, ki tabbata ba a tsage itacen yake ba a wurin. A ƙarshe ki ji ta a hannunki. Wadda ta cika tafinki ba tare da santsi ba ita ce taki. Ga aikin uwa, ruwa mai tsawon santimita 7 zuwa 8 ya wadatar.

Sai batun ƙarfe. Iri biyu za ki tarar. Akwai baƙin ƙarfe irin na da, mai saurin yin kaifi idan an wasa shi a dutse, amma yana tsatsa idan an bar shi da lema, kuma ruwan lemo ko tumatir yana sauya masa launi. Akwai kuma farin ƙarfe marar saurin tsatsa. Idan 'ya'yan itatuwa za ki riƙa yanka wa yara, kuma kin san ba kullum za ki samu sukunin goge ta nan take ba, farin ya fi miki. Idan baƙin kika ɗauka, ki wanke, ki goge ta bushe ƙarau, ki shafa mata ɗigon man gyaɗa. Kada a sa mata baƙin mai ko man keke, tunda abinci take taɓawa. A kuma riƙa tsabtace kwarmin da ruwan ke kwanciya a ciki, domin nan ne zaƙin mangwaro da ƙura ke taruwa. Tsohon buroshin haƙori da sabulu sun isa.

Wasu iyayen suna barin wuƙa ta dakushe da gangan, wai don kada ta yanki yaro. Dakusasshiyar wuƙa sai an sa mata ƙarfi, kuma ƙarfin nan ne ke sa ta zame daga jikin rake ta faɗa kan babban yatsa. Mai kaifi tana bin inda aka nufa da ita. Abin da ke kare yaro shi ne wurin ajiya da sa ido.

Wannan ya kawo mu ga tambayar da iyaye mata suka fi yi: ɗana ya kai shekara 12 ko 13, yana so a saya masa, in saya? Shawarata ita ce a raba koyon aiki da wuƙa da yawo da ita. Yaro ya koyi fere da yanka a gida, a gabanki ko gaban babansa: a zaune, kaifi yana kallon waje, ba a miƙa ta a buɗe, ba a gudu da ita. Kamfanin Opinel yana yin wata ta yara mai zagayayyen baki marar tsini, wadda ta dace da wannan koyo. Idan an gama, wuƙa ta dawo hannunki. Amma ya sa ta a aljihu ya fita unguwa ko makaranta, wannan a'a. Mun san halin da garuruwanmu ke ciki da faɗan daba da ƙwacen waya. Matashin da jami'an tsaro suka samu da wuƙa a jiki zai sha wuyar bayanin cewa ta feren rake ce, kuma musun da zai ƙare da cacar baki yakan ƙare a asibiti idan akwai ƙarfe a aljihu. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Masu shirin Hajji ko Umara su ma su tuna ba a shiga jirgi da ita a jakar hannu, a babban kaya ake sa ta. 'Yan'uwanmu da ke Ingila kuwa su sani dokar can ta hana yawo da wuƙa mai makulli ba tare da ƙwaƙƙwaran dalili ba, komai ƙanƙantarta.

Akwai ayyukan da wuƙar aljihu ba nata ba ne, komai tsabtarta a ido. Ba a yanke cibiyar jariri da ita, ba a tsaga maruru, ba a yi wa yara aski ko yankan farce da wadda kowa ke taɓawa. Ƙwayar cutar hanta nau'in B tana iya rayuwa aƙalla kwana 7 a busasshen jini a jikin ƙarfe, ido kuwa ba ya ganinta.

Idan tsautsayi ya faru aka yanke, ki samu tsumma mai tsabta ki danne wurin sosai na minti 10 ba tare da ɗagawa kina leƙawa ba, hannun a sama da ƙirji. Idan jinin ya tsaya, ki wanke da ruwa mai tsabta, ki rufe da bandeji. Kada a zuba toka, ƙasa, man birki ko kashin shanu. Ku nufi asibiti nan take idan jini ya ƙi tsayawa, ko bakin ciwon ya buɗe yana neman ɗinki, ko yatsan ya ƙi lanƙwashewa, ko ya mutu ba a jin taɓi. Waɗannan biyun na ƙarshe alamar an taɓa jijiya ne, kuma gyaranta ya fi sauƙi a kwanakin farko. Jinkiri kan bar yaro da sandararren yatsa. A kuma tambayi ma'aikatan lafiya batun allurar tetanus. Tsatsa ba ita ke kawo cutar ba. Ƙwayar tana cikin ƙasa da ƙura da kashin dabbobi, don haka ko sabuwar wuƙa ce, idan ciwon ya yi datti kuma an haura shekara 5 da allurar ƙarshe, akwai buƙatar ƙari.

Ku faɗa mana a ƙasa: wace iri ce a gidanku, kuma a wace shekara kuka fara barin yaranku su yi fere da kansu? Allah Ya tsare mana zuri'a, sai mako mai zuwa idan Mai Duka Ya kai mu.