DUNIYA MAKARANTA: Keke ɗaya, mahaya biyu

 Kowane wata, a wannan fili, mukan leƙa wata ƙasa mu ga yadda mutanenta ke zaman duniya. Wannan karo Turai muka nufa. A can akwai wata al'ada: mata da miji su ɗauki hutu, su kulle gida, su ƙetare iyaka, su yi mako guda ko biyu suna yawo bisa keke a ƙasar da ba tasu ba. Abin mamaki shi ne, wasunsu keke ɗaya suke hawa, kuma su biyun duka suna taka shi.

WANE IRIN KEKE NE?

Kowa ya san goyo a keke. Na gaba yana taka feda, gumi na zuba. Na baya yana zaune, ƙafafunshi na lilo. Wannan keke ba haka yake ba. Turawa na kiran shi tandam. Ƙafa biyu gare shi, kamar kowane keke. Amma sirdi biyu ne, feda ma ta mutum biyu ce. Tsawonshi ya kusa mita 2 da rabi.

Akwai sarƙa guda da ta haɗa fedar gaba da ta baya. In ƙafar na gaba ta juya, dole ta na baya ta juya. In ɗaya ya daina takawa, sai ɗayan ya daina.

Tuƙi da birki da abin canjin gudu duk suna hannun na gaba. Na baya ma yana da abin riƙewa, amma a kafe yake, ba ya juya keke. In ya ɗaga kai, bayan abokin tafiyarshi kawai yake gani. Yawanci wanda ya fi girman jiki shi ke zama gaba, shi ya sa aka fi ganin miji a can. Amma ba doka ba ce. Akwai gidan da matar ce ta fi iya tuƙi, ita ke gaba.

Me ya sa ba za su hau keke biyu ba, kowa da nashi? Saboda ƙarfin mutane ba ɗaya ba ne. In keke biyu ne, mai ƙarfi zai wuce. Zai sami inuwa ya zauna yana jira. Lokacin da na baya zai iso yana haki, shi ya riga ya huta, sai ya miƙe ya ce a tafi. Kwana biyu a haka, rai ya ɓaci. Hausawa kan ce na gaba ya yi gaba, na baya sai labari. A kan tandam maganar ba ta ci ba. Kowa ya ba da ƙarfin da yake da shi, sarƙa ta haɗa, su isa tare.

A kan hanya shimfiɗaɗɗiya wannan keke yana da gudu ƙwarai, don ƙarfin mutum biyu ne, iska kuwa mutum ɗaya take bugu sosai. A hawa yana da wuya. A gangara yana da hatsari, don nauyin mutum biyu da kaya yakan sa birki ya yi zafi. Shi ya sa wasu ke ƙara birki na uku. Wayoyin ƙafar ma ana ƙara su. Keke na yau da kullum yakan sami 32 ko 36 a ƙafa guda, na wannan tafiya kuwa yakan kai 40 ko 48.

DAGA INA HUTUN YA SAMO ASALI?

Wani zai ce: wane irin hutu ne wannan, mutum ya yini yana taka keke? Tambayar tana kan hanya. Manomi da makiyayi da jiki suke aiki, hutunsu shi ne su zauna. Ma'aikacin ofis ko na masana'anta kuwa shekara yake yi a rufe cikin ɗaki. Hutunshi shi ne ya fita, ya sha iska, ya motsa jini.

Hutun ma ba a banza aka same shi ba. A shekarar 1936 ma'aikatan Faransa suka yi babban yajin aiki. A watan Yuni na shekarar, gwamnatin Léon Blum ta kafa doka: kowane ma'aikaci yana da hutun mako 2 a shekara, kuma albashinshi na tafiya. Shi ne abin da ma'aikatanmu ke kira konje. A lokacin talaka ba shi da mota. Wasu suka shiga jirgin ƙasa da tikiti mai rahusa. Wasu mata da miji suka ɗaure bargo da tukunya a kan tandam, suka nufi bakin teku. Da yawansu ba su taɓa ganin teku ba sai a wannan shekara. Daga baya hutun ya ƙaru: mako 3 a 1956, mako 4 a 1969, mako 5 a 1982.

Kada mu manta, a 1936 ɗin nan kakanninmu suna ƙarƙashin mulkin Faransa, suna aikin tilas. Ba a soke shi ba sai a 1946.

HANYAR KOGIN DANUB

To, bari mu ɗauki misali. A ce mata da miji ne daga Faransa, sun sami konje a watan Yuli. Ɗaya daga cikin hanyoyin da masu keke suka fi so a Turai ita ce ta bakin kogin Danub. Kogin ya taso daga Jamus, ya ratsa ƙasa 10, ya zuba a Baƙin Teku. Tsawonshi kimanin kilomita 2,850. Namu kogin Kwara ya fi shi tsawo, don ya haura 4,000.

Ba duk kogin za su bi ba. Za su fara daga Passau, garin Jamus da ke bakin iyaka, inda koguna 3 suka haɗu. Za su ƙare a Viyana, babban birnin Ostiriya. Tsakani kimanin kilomita 320 ne. Ku auna da tsakanin Maraɗi da Damagaram, wanda bai kai 250 ba. Yawanci mako guda ake yi, kilomita 40 zuwa 60 a rana.

Wahalar farko ita ce kai keken Passau. Ba kowane jirgin ƙasa ke karɓar keke mai wannan tsawo ba, sai an tambaya tun da wuri. Wahala ta biyu kaya. Mutum biyu ne, amma wurin kaya na keke ɗaya ne: jaka biyu gaba, jaka biyu baya. A ciki dole a sa famfo, da kayan faci, da rigar ruwa. Abin da ya rage na tufafi kaɗan ne. Tun daga gida ke nan ake fara shawara: me za a ɗauka, me za a bari?

Hanyar kanta tana da tarihi. Kafin zuwan jirage masu inji, dawakai ke jan jiragen kaya su haura kogi. Ana ɗaura musu dogayen igiyoyi, suna tafiya a bakin gaɓa. Wannan turba ta dawakai ita aka gyara a wurare da yawa, aka zuba mata kwalta, ta zama ta keke. Mota ba ta bin mafi yawanta. Matafiya suna bin inda ruwa ya nufa, don haka hawa kaɗan ne.

Ranar farko sukan kwana a Schlögen, inda dutse ya tare kogin, ya lanƙwasa har ya koma kamar zai juya baya. A nan akwai ƙananan jiragen fito masu ƙetarar da keke. Rana ta biyu su shiga Linz, birnin da ya shahara da narkar da ƙarfe.

Gaba da Linz kaɗan akwai Mauthausen. A kan tudun garin gwamnatin Hitila ta gina sansanin azaba a 1938. An sa fursunoni fasa dutse da ɗaukar shi har su mutu. Kafin sojojin Amurka su buɗe wurin a watan Mayu na 1945, mutum aƙalla 90,000 sun hallaka a nan da rassanshi. An bar wurin don tunawa. Hawan tudun yana da tsanani, masu tandam da yawa sauka suke yi su tura. Amma suna zuwa, don yawon duniya ba kallon abin daɗi kaɗai ba ne.

Daga garin Melk zuwa Krems, kusan kilomita 36, shi ne kwarin Wachau. Manomi zai so ganin wannan wuri. Gonakin a jikin tudu suke. Tun ɗaruruwan shekaru manoma suka jera duwatsu hawa hawa don kada ruwa ya kwashe ƙasa, suka shuka inabi. Mutanen Adar da ke jera duwatsu a gonakinsu sun san wannan aiki da nauyinshi. A ƙasan kwarin akwai wani ɗan itace mai zaƙi da ake kira abiriko. A watan Yuli yake nuna, ana sayar da shi a bakin hanya.

Da dare matafiya kan sauka a ƙaramin otel, ko gidan manomin da ya ware ɗaki don baƙi, ko su kafa tanti. Kuɗin Faransa da Jamus da Ostiriya ɗaya ne, wato Yuro, ba sai an yi canji ba. Harshe ne ya bambanta, don Jamusanci ake yi a duk hanyar. Mai hankali yakan koyi gaisuwa da godiya da tambayar ruwa kafin ya taso. Yakan kuma tambayi labarin kogi, don Danub na ambaliya. A watan Yuni na 2013 ruwa ya shiga tsakiyar Passau, ya rufe hanyoyi.

ƘA'IDOJIN TAFIYA

Yanzu ga inda maganar take. Wannan keke ba ya tafiya da shiru.

Tun wurin tashi akwai tsari. Na gaba ya kafa ƙafa biyu a ƙasa, ya riƙe birki. Na baya ya hau, ya ɗora ƙafafu bisa feda. Sai a ƙirga, a taka tare.

Na gaba shi ne idon na baya. Duk abin da ya gani sai ya faɗa kafin a kai: ga rami, ga kwana, zan ja birki, za mu tsaya. In ya ga rami ya yi shiru, shi zai ɗaga jiki ya wuce lafiya. Na baya ne zai sha bugu, don sirdinshi yana kusa da ƙafar baya. In haka ta faru sau uku, yarda ta ƙare. Na baya zai fara leƙe, yana karkata hagu da dama don ya ga hanya da kanshi. Da ya karkata, keke ya yi tangaɗi, su biyun su faɗi.

Na baya ma ba kaya ba ne. Shi ke duba taswira. Shi ke waiwaye ya ga ko mota na zuwa. Shi ke miƙa hannu ya nuna inda za a juya, shi ke miƙa ruwa da guzuri. In ya yi lamo ya bar ƙafa na juyawa ba ƙarfi, ba mai gani, amma na gaba zai ji a cinyarshi.

Masu wannan keke suna da ƙa'ida babba: in na baya ya ce a rage gudu, a rage. In ya ce a tsaya, a tsaya, ba gardama. Dalili kuwa, ba shi da birki. Ya ba da ranshi amana a hannun wani. Suna kuma da wani barkwanci, wai duk inda aure ya nufa, gyara ko ɓaci, tandam zai kai shi da wuri.

In yarda ta kafu, abin da ake yi da keken nan yana da ban mamaki. A gasar naƙasassu ta duniya, makaho kan zauna baya, mai ido na gaba, su yi tsere da gudun da ba kowa zai iya ba. A 2022 kuma wasu mata da miji daga Ingila suka tashi daga birnin Berlin bisa tandam. Suka kewaye duniya, kimanin kilomita 29,000, suka komo cikin wata 6.

Ƴan uwa, ba cewa muke kowa ya nemi tandam ba. Yana da tsada, kuma yashin hanyoyinmu ba zai bar shi ba. Amma kowane gida akwai na gaba, akwai na baya. Maigidan da ya sayar da ragon gida bai faɗa ba, ko ya ci bashi a kan amfanin gona, ko ya shirya tafiya ci-rani sai da asuba uwargida ta ji, ya ga rami ya yi shiru ke nan. Ita za ta sha bugun. Uwargidan da ta ga hatsi na ƙarewa a rumbu ta ƙi magana, ita ma ta bar na gaba cikin duhu. Riƙe tuƙi ba ya nufin tafiyar taka ce kai kaɗai.

Ku tattauna wannan magana a dandali da cikin gida. Wanda ke da ra'ayi, namiji ko mace, ya rubuto mana da hannunshi, za mu buga. Sai wata mai zuwa, in Allah ya kai mu. Allah ya ba mu damina mai albarka.