RA'AYINMU: A Fitar da Yara Su Ga Gawo da Idonsu

Hunturu ya shigo, kuma daga yanzu zuwa ƙarshen Fabrairu ne lokacin da ya fi dacewa malami a Sakkwato ya fita da yara 'yan aji ɗaya zuwa uku da hantsi, ba tare da rana ta galabaitar da su ba. Da zarar Maris ya kama, zafi kan haura digiri 40, kowa ya nemi inuwa. Shi ya sa muka ɗauko wannan magana tun dama ba ta kuɓuce ba.

Kowannenmu ya sha zana itace a allo, yara su kwafa, su ci jarrabawa. Amma yaro nawa ne a ajinka zai iya bambanta gawo da bagaruwa? Alhali darasin yana nan bakin gari. Wanda ya bi hanyar Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ya isa Kwalkwalawa, zai tarar da fadamar kogin Rima shimfiɗe da kayan lambu. Tafiyar rabin kilomita a gefen gonakin ta ishi ƙaramin yaro. Zai ga gawo kore shar da rani, ya ji cewa da damina yake zubar da ganye, shi ya sa manomi ke barinsa a gona gero ya yi kyau a ƙarƙashinsa. Zai riƙe 'ya'yan bagaruwa, waɗanda majema ke jeme fatar jar akuyar Sakkwato da su. Zai ga balbela na bin shanu. Zai kuma ji yadda ambaliyar 2010 ta yanke wannan hanya ta raba jami'a da gari, ya san ruwa ba abin wasa ba ne. Jiharmu na cikin jihohi 11 da shirin Babbar Koriyar Ganuwa ke yaƙi da kwararowar hamada a cikinsu. Yaron da bai san sunan itace ba kuwa, da wuya ya tashi yana kishin kare shi.

To, me ya hana mu fita? Ba lalaci ba ne, tsoro ne. Malami ɗaya ne ke riƙe da aji maƙil da yara. In yaro ya faɗi ko ƙaya ta soke shi, kan malamin kaɗai laifi ke faɗawa, babu takardar da za ta kare shi. Ga haɗarin bakin ruwa, ga halin tsaro da ya sa iyaye ɗar-ɗar. Ba mu raina ko ɗaya daga cikin waɗannan ba. Su ne ma dalilin da ya sa muke cewa fitar ta kasance gajeriya, kusa da gari, kuma bisa ƙa'ida.

Saboda haka wannan reshe na Ƙungiyar Malamai ta Najeriya yana kira ga Hukumar Ilimin Bai Ɗaya ta Jiha da ta fitar da rubutacciyar ƙa'ida: amincewar iyaye a rubuce, izinin shugaban makaranta, babba ɗaya ga kowane yara goma, ruwan sha da akwatin magani, a dawo kafin azahar, a kuma fayyace wanda alhaki ke wuyansa.

Muna kuma roƙon Ma'aikatar Muhalli ta haɗa hannu da jami'a a keɓe 'yar hanya mai inuwa, nesa da gaɓar kogi, a daidaita ƙasarta, a sa benci da allunan sunayen itatuwa da boko da ajami. Ta zama wadda keken guragu zai bi, domin kada a bar ɗaliban makarantar musamman ta A. A. Raji a baya. Yaron da ba ya gani ma yana iya shafa ɓawon kuka, ya shinshini ganyen dogon yaro.

Iyaye, ku ma da naku rabon. Ku rako mu, ku zo mana da kakanni, don sun fi kowane littafi sanin sunayen tsirrai da amfaninsu.

Kafin hukuma ta amsa, 'yan uwa malamai, mu fara da abin da ke hannunmu. A wannan mako kowa ya zagaya harabar makarantarsa da ajinsa, su ƙirga itatuwan da ke ciki, su kira kowane da sunansa. Gani ya kori ji.