A Kai Yaro Yaye, Amma A Koma A Ɗauko Shi

Maganar da na zo da ita yau ta wani ɗan ƙaramin mutum ce, wanda tsawonsa da kyar ya wuce gwiwata, amma shi ke mulkin ɗakinmu a Agege. Ba zan kama sunansa ba, domin ɗan fari ne, kun kuwa san al'ada. Kakarsa tana ce da shi Maigidana, uwarsa kuma ni take kira Maigida, watau dai ɗaki ɗaya maigida biyu, kuma kowa a gidan hayar nan ya san wanda ake jin maganarsa a cikinmu.

Duk wanda ya taɓa zama da ɗan shekara biyu a ɗaki ɗaya ya san abin da nake nufi. Tun ran da ya fara tafiya kayanmu suka yi ta hawa sama kamar na masu gudun ambaliya. Rediyo ta koma kan kabad, ashana ta koma bisa taga, kwalbar kananzir kuwa sai da muka rataye ta a ƙusa, domin a wurinsa duk abin da ke cikin kwalba lemo ne. Wata safiya na yi rabin sa'a ina neman makullin shago, ashe yana cikin tukunyar miyar kuka, an rufe da murfi yadda ya kamata. Ka zuba masa tuwo a kwanonsa ya kau da kai ya ce a'a, minti biyar ka same shi a ɗakin maƙwabciyarmu Bayarabiya yana zaune daram yana kwasar amala, har da lashe yatsu. Kalmar da ya fi ƙwarewa a kanta ita ce a'a, ta biyu kuwa "oya", wadda yake korata da ita idan na zauna a kan kujerar da ya ga dama.

To, da lokacin yaye ya yi sai saƙo ya zo daga Jos. Mama ta ce, "A kawo mini mijina in yaye shi, ku ba ku san kan abin ba." Wa zai yi gardama? Haka aka yi mini, haka aka yi wa ƙannena. Muka ɗaure kaya cikin hunturu muka shiga motar dare, muka bi ta Badun, Okene, Lakwaja, Abuja, Keffi, Akwanga, har muka haye Hawan Kibo, tafiyar da ta kusa kilomita 1,000. Yaron da aka haifa cikin zafin Ikko, wanda bai taɓa sanin rigar sanyi ba, sai ga shi a garin da ya ɗara mita 1,200 bisa teku. Kafin mu sauka daga keke a Tina Junction an naɗe shi da hula da safa da riga uku, ya koma kamar ƙullin goro, idanu kaɗai ake gani.

Wanda bai san wurin ba, mahaɗa ce a Jos ta Arewa, wajen Dutse Uku da Unguwar Rukuba, inda 'yan keke ke juyawa, ga duwatsu a bayan gidaje, ga masu ƙosai da masu gasa masara a bakin titi. Yaro ya ga fili, ya ga kaji, ya ga 'ya'yan maƙwabta, ya manta da mu sarai. A daren farko Mama ta ɗauke shi zuwa ɗakinta, ya yi kukan da ya tashi karnukan unguwa, ita kuwa tana ta jijjiga shi tana ba shi kunun gyaɗa. A rana ta uku da asuba, yana barci, muka saci jiki muka fita. Mama ce ta ce haka ya fi, kada ya ga tafiyarmu. Uwarsa ta yi kuka tun daga Mararrabar Jama'a har Akwanga, ni kuwa na yi ta kallon taga ina nuna jarumta.

An yi da mu mako biyu. Mako biyu ya zama wata ɗaya, domin kuɗin mota, wanda tun da aka janye tallafin man fetur a ran 29 ga Mayu 2023 ya zama abin da sai an yi tari. Wata ɗaya ya zama uku, domin kasuwa ta buɗe, ba a barin shago. In na buga waya Mama ta ce, "Ku bar shi mana, ya yi ƙiba, ya saba, me zai je ya yi a wannan kurkukun naku?" Sai da aka yi wata biyar na koma.

Na shiga gidan da ledar biskit da 'yar motar roba, ina washe baki. Ya dube ni daga sama har ƙasa, ya ruga ya ɓuya a bayan zanen kakarsa, ya leƙo ya ce, "Kaka, mutum ya zo." Mutanen gida suka fashe da dariya, ni ma na taya su. Amma da dare ban yi barci ba. Kwana huɗu na yi a gidan kafin ya yarda in ɗauke shi, shi ma sai da biskit ya shiga tsakani.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami ke nan. Mu mutanen Arewa mazauna Kurmi, daga Agege da Idi Araba da Obalende har Sabon Badun, Shagamu, Anacha da Fatakwal, mun riƙe al'adar kai yaro yaye gidan kaka, amma mun manta yadda take a asalinta. A da, gidan kaka yana bayan gidanku ne, ko a ƙauyen da ake zuwa da ƙafa a dawo kafin la'asar. Yaro ya yi kwana bakwai ko goma, nono ya fita daga ransa, a mayar da shi. Ko da an bar shi riƙo, kamar yadda Baba ta Karo ta ba da labarin yadda ake yi a ƙasar Zazzau cikin littafin da Mary Smith ta fitar a 1954, ai yana cikin dangi ne, yana ganin uwarsa ran kasuwa, ran suna, ran biki. Mu kuwa mun ɗauki wannan al'ada mun miƙe ta har tsawon kilomita 1,000, sa'an nan muna mamaki don ta tsinke. Na san gidajen da aka kai yaro yaye, ba a ɗauko shi ba sai da ya shiga aji uku na firamare, ya zo yana gaida uwarsa kamar baƙuwa, ƙannensa da aka haifa a bayansa suna tambaya yaushe wannan yaron zai koma gidansu.

Na san abin da za a ce mini, kuma ba maganar banza ba ce. Za a ce ɗaki ɗaya ne, ga sabon ciki, ga uwa tana sana'a, ba kaka, ba goggo, ba yaya da za ta goya shi. Gaskiya ne. Za a ce a Kurmi yaro yana tashi bai iya Hausa ba, sai gauraye da Yarabanci da Turancin kasuwa. Wannan ma na gani da idona, kuma ba zan ɓoye ba, wata biyar ɗin nan na Jos sun buɗe masa baki fiye da duk abin da muka yi a Agege. Ya dawo ya iya gaisuwa, ya iya "na gode", ya san sunan akuya da tinkiya. Sai dai Hausar 'ya'yan maƙwabta ya kwaso, wadda ba ruwanta da mace ko namiji, har yau in ya kira uwarsa sai ya ce, "Mama, kai zo." Ya kuma koyi cin gwate da acca da dankalin Turawa, abin da ya sa tuwon shinkafarmu ya ƙara faɗuwa a idonsa.

Duk da haka ina cewa ribar ba ta kai asarar ba. Harshe dai a bakin uwa da uba yake. Idan muka daina yi wa yaro Turancin da mu kanmu bai zauna mana ba, muka yi masa Hausa a ɗaki safe da yamma, zai iya, ko da a tsakiyar Mushin yake. Yarabancin da zai tsinta a tsakar gida kuwa ba cuta ba ne, jari ne, gobe shi zai yi maka ciniki a Mile 12. Amma shekarun nan na biyu zuwa huɗu, waɗanda yaro ke sanin wane ne nasa, wa zai ruga wurinsa in ya faɗi, ba a sayensu a kasuwa, kuma ba sa dawowa.

Sa'an nan a duba kakar ita kanta. Mama ta haura 60. Ba za ta taɓa cewa ta gaji ba, domin kunya da ƙauna ba za su bar ta ba, amma na ga yadda take dafa gwiwa in ta tashi bin sa. A Tina Junction titi yana kusa, keke ba ya tsayawa, ɗan shekara biyu kuwa in ya ga ƙofa a buɗe sai dai a bi shi da gudu. Mun ɗora wa tsohuwa aikin da mu masu jini a jika muke kuka da shi, muna aika mata 'yan kuɗin omo muna ganin mun sauke nauyi.

Akwai kuma abin da ba mu son faɗi. Duk ɗan Jos ya tuna Satumban 2001 da Nuwamban 2008, ya kuma tuna ran 17 ga Janairu 2010, lokacin da rikici ya tashi daga wajen Dutse Uku ɗin nan, har aka kafa dokar hana fita dare da rana. Ina ƙaunar garinmu, kuma na ga maƙwabtan Mama, masu zuwa coci da masu zuwa masallaci, kowa yana ɗaukar yaron nan kamar nasa. Amma wanda ya ajiye ɗansa a wani gari, kowane gari ne, ya san yadda gabansa ke faɗuwa in ya ji labari a rediyo ya buga waya ba ta shiga ba.

Wani ƙaramin abu kuma, wanda ba ƙarami ba ne: katin rigakafi. Namu mun bar shi a ƙarƙashin katifa a Agege. Da ma'aikatan lafiya suka tambayi Mama ko an yi masa allurar ƙyanda ta biyu, wadda ake yi a wata 15, ba ta da amsa. Wanda zai kai yaro ya kai shi da katinsa. Ya kuma roƙi tsofaffi, cikin ladabi, kada a riƙa ɗora kowane zawo da zazzaɓi a kan haƙori ana saye-sayen magani a shago. Mu da ke Ikko ba mu manta da maganin haƙorin nan My Pikin ba, wanda ya hallaka yara 84 tsakanin ƙarshen 2008 da farkon 2009. Shi kansa yayen ba dole ne a yi shi dare ɗaya ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a ba jariri nono zalla wata 6, a ci gaba da ba shi tare da abinci har shekara 2 ko fiye. Ana iya rage shi sannu a hankali, a fara da na rana, a bar na dare daga baya, ba sai an shafa maɗaci ko an gudu da asuba ba.

Yanzu bari in juyo kan 'yan'uwana maza, domin a nan gizo ke saƙa. Yawancin yaran da ake turawa Arewa, ba ɗaki ne ya yi musu kaɗan ba, hannu ne ya yi kaɗan. A gida mun tashi mun ga uba ba ya ɗaukar ɗa, balle ɗan fari, domin akwai mata goma a tsakar gida masu yi. A Kurmi matan nan goma ba su biyo mu ba. Saboda haka, malam, kai ne kakar, kai ne goggon, kai ne yayar. In ka dawo daga kasuwa ka karɓe shi sa'a guda uwarsa ta samu ta yi wanka ta ci abinci a zaune, rawaninka ba zai faɗi ba. Kada kuma ka karɓe shi ka miƙa masa waya ka juya baya. Hukumar nan dai ta faɗa a 2019 cewa yaron da bai kai shekara 2 ba a raba shi da kallon allo, mai shekara 2 zuwa 4 kuma kada ya wuce sa'a ɗaya a yini. Ni abokan majalisa sun yi mini dariya ran da suka gan ni na saɓa shi a kafaɗa za mu sayo burodi, wani har ya ce uwargida ta gama da ni. Bayan mako biyu na gan shi da 'yarsa a wuya, ya yi kamar bai gan ni ba.

Ban ce kada a kai jika wurin kakarsa ba, Allah ya kiyaye. Tana da haƙƙi a kansa, shi ma yana da haƙƙin ya san ƙasarsu, ya sha sanyin Jos, ya san inda aka binne cibiyar ubansa. A kai shi, uwarsa ta zauna tare da shi ko da a ɗakin waje ne, a yi mako biyu ko wata guda, kuma tun kafin a bar Ikko a ware kuɗin motar dawowa a ƙulle a gefe, kada a taɓa.

Ran da za mu taho, Mama ta rako mu har bakin titi tana ta yi masa tsiya, wai ya sake ta ya bi wani ƙato. Ta cusa masa ƙullin gyaɗa a aljihu, ta juya da sauri ba ta jira keken ya tashi ba. Shi kuwa ya yi ta kiran Kaka har muka kai tasha, sa'an nan barci ya kwashe shi a kan cinyata. Wajen Lakwaja ya farka, ya dube ni cikin duhun mota, ya ja gemuna da ƙarfi ya ce, "Baba, fitsari." Kafin in yi wa direba magana aikin gama ya gama, a kan sabuwar shaddata.